Irin Da Inna Ta Ajiye

Ranar Laraba da hantsi Gwaggo Hajja ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ta buɗe shi a tsakar gida, ta shiga fito da kayan tana kakkaɓewa.

Murja tana bakin murhu. Ta hura wutar da ba ta mutu ba, ta tashi ta ɗauki tsintsiya, ta ajiye, ta koma ta zauna, ta sake miƙewa.

"Ke, zauna wuri ɗaya, kina sa ni jiri," in ji Gwaggo. "Ina sabulun nan mai ƙamshi? Kada dai kin taɓa?"

"Ban taɓa ba, Gwaggo."

"To madalla. Ubanki ya ce ko allura kada a bari. Jibi in an sauko daga masallaci, shi da kansa zai kai masa kayansa Dutse."

Kayan na-gani-ina-so ne da Maharazu ya kawo bara. Maharazu malamin gona ne, mutumin Haɗeja, aiki ya kawo shi Dutse yana zaune a Takur. Duk mako biyu yakan zo Aujara a kan babur ya zagaya fadama ya duba shuke-shuke. A wannan zagayen ya san Malam Gwadabe, a ƙofar Malam Gwadabe ya ga 'yarsa Murja, wadda jinyar mahaifiyarta ta zaunar da ita har ta kai shekara ashirin da uku a gida. An karɓi kayan da murna, aka ce biki sai bayan an ɗebe tumatirin rani.

Ga shi lokacin ɗiba ya zo, kayan ake ɗaurewa.

"Ni tun farko raina bai kwanta ba," Gwaggo ta ci gaba. Ita ce yayar Malam Gwadabe, tun rasuwar Inna, mahaifiyar Murja, ta dawo gidan da zama. "Ɗan masuntan Haɗeja ina ya san ƙasa? Daga ruwa sai ƙarni. Ga Falalu nan, ɗan gari, dillali mai motarsa, sau uku yana aikowa. Wa ya ƙi tsuntsu daga sama gasasshe?"

Murja ta zagaya bayan ɗaki, inda karare shida suke tsaye a jikin danga, busassu, ba komai a jikinsu. Ta tsaya tana kallonsu.

Nan abin ya fara.

Da damina ta faɗi bara, Maharazu ya kawo mata wata 'yar takarda mai hoton tumatir, da 'yan ƙwayoyin iri a ciki waɗanda ba su cika cokali ba. Ya ce wani baƙon da ya zo ofis ne ya ba shi. A zaure ya miƙa mata, da rana tsaka, don tun da aka ƙaddamar da shari'a mai unguwa ya hana tsayuwar zance a ƙofar gida.

"Wannan na bayan ɗaki ne," ya ce. "Ki kafa masa kara ya hau. Amma ki saurare ni da kyau, Murja. Ɗan aure ne, iri biyu aka haɗa aka samo shi. Ku ci, ku ba maƙwabta, amma kada ku ajiye irinsa. In aka shuka 'ya'yansa, kowane tushe sai ya bi wani kakansa, ba za ki gane su ba. In ya ƙare ki faɗa mini in nemo wani."

Ta ce ta ji. Kuma ta ji ɗin.

Tushe shida suka tsira. Suka haye kara suka wuce danga, suka zubo da 'ya'ya reras kamar nonon dabino, kowane bai wuce girman kanya ba, ja wur, zaƙi kamar an sa sukari. Matan unguwa suka sa masa suna mai ɗari, wai kowane reshe sai ya yi ɗari.

A lokacin Inna ta daina cin abinci. Tuwo ba ya shiga, koko sai ta dawo da shi. Amma in Murja ta tsinko mai ɗari ta wanke ta sa mata a tafin hannu, sai ta tsotsa ta haɗiye, har ta ce a ƙaro. Wanda bai yi jinya ba ba zai san daɗin ganin majinyaci ya haɗiye abu ba.

Ita kuwa Inna tun tana yarinya ba ta taɓa cinye amfanin ƙasa ƙaf ba. Kuɓewa, yakuwa, barkono, ko me ta ci ta ji daɗinsa sai ta cire iri. Haka take zama a inuwa da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta matse manyan cikin mai ɗari a kan tsumma, ta barbaɗa toka, ta shanya. In ya bushe ta ƙulle, ta sa Murja ta rataye a azarar madafa inda hayaƙi zai kore ƙwari. Ƙulli bakwai ta yi. Kwana tara bayan na bakwai ɗin Allah ya karɓi abarsa.

Maharazu ya zauna har sadakar bakwai, daga nan aka tura shi kwas Zariya na wata biyar.

Bayan arba'in Malam Gwadabe ya shiga madafa, wurin da bai taɓa shiga ba tun da ya yi aure. Ya ɗaga kai ya ga ƙullin. Ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe a hannu yana jujjuyawa.

"Ɗaurin hannunta ne," ya ce a ƙarshe. "Bana ba zan sayi iri ba. Wannan zan zuba a fadama gaba ɗaya."

Murja tana tsaye a bayansa. Maganar ta zo har bakinta. Ta dubi yadda yake shafa tsumman da babban yatsa, sai ta ce a ranta gobe ta faɗa. Gobe ta zo ya riga ya yafa a wurin reno. Ta ce bari ya tsiro, wataƙila ma ba zai tsiro ba. Ya tsiro kore shar. Ta ce wataƙila Maharazu ya yi kuskure, ai malamai ma suna kuskure. Aka yi dashe, fangali arba'in.

Da ya fara 'ya'ya kowa ya ga abin da idonsa. Wani tushe ƙanana kamar wake, wani tsami kamar tsamiya, wani da ya nuna sai ya tsage ya zube. Rabin gonar kuwa ganyen ya yanƙwane ya kwanta. Ko kauɗa ba za a yi da shi ba, don ba abin da wuƙa za ta yanka.

Ran Litinin Maharazu ya dawo daga Zariya, ya nufi fadama da murnarsa. A gaban manoma Malam Gwadabe ya tare shi, ya kira shi maci amana, ya ce ya kawo masa irin banza gida ya yi shiru. Maharazu ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba.

"Murja!" Muryar Gwaggo ta katse mata tunani. "In kin gama gadin busassun karare, ga wanki nan."

*

Bayan la'asar aka ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Murja ta miƙe zumbur, kwanon da ke cinyarta ya kife.

Gwaggo ta leƙa ta dawo tana taɓe baki. "Shi ne. Wai sallama ya zo yi. Ubanki ba ya nan, ni kuma ba zan kori baƙo ba. Sa hijabinki. Ina nan bakin ƙofa, ina jin komai."

Yana zaune a kan dakalin zaure, hularsa a gwiwa. Ya rame. Ta durƙusa nesa da shi, suka gaisa gaisuwar da ba ta wuce kalma huɗu ba.

Gwaggo ta jawo kujera ta zauna daga ciki, sai dai wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, hira ta ɗauke ta.

"Malam," Murja ta ce da ƙaramar murya, "don me ba ka faɗa musu ba?"

"In faɗi me?"

"Cewa ka gargaɗe ni."

Ya juya hular a hannunsa. "A gaban mutum goma sha? Da Falalu yana tsaye yana dariya? In ce musu 'yarsa ta sani ta yi shiru? Kafin magariba an kai maganar har Jahun. Ke za a riƙa nunawa a bakin rijiya, ba ni ba."

Hawaye suka zubo mata. Ta sa gefen hijabi ta share, wasu suka biyo.

"Amma ina da tambaya," ya ce, muryarsa ta canza. "Kuma ina son gaskiya. Mantawa kika yi?"

"Ban manta ba."

"To don me? Wata biyar, Murja. Ko saƙo ki ba direban Zariya. Da na sani da na nemi izini na zo, da na cire shi tun yana reno na kawo masa wani. Fangali arba'in! Dattijo yana jan ruwa safe da yamma!"

"Wallahi kullum da niyyar faɗa nake tashi."

"Sai me?"

"Sai in gan shi." Kuka ya ci ƙarfinta, ta danne bakinta kada Gwaggo ta ji. "Tun da Inna ta rasu Baba bai yi dariya ba sai ranar da irin nan ya tsiro. Ya dawo gida yana cewa, Murja, hannun uwarki da albarka. Yaya zan ce masa abin da ta bari na ƙarshe ba shi da amfani? Da wane baki?"

Maharazu ya dubi ƙasa, ya dubi rufin zaure, ya yi ajiyar zuciya.

"Ni ma da laifina. Da shi ya kamata in faɗa wa, ba ke kaɗai ba. Na ɗauka abin bayan ɗaki ne, a nan zai ƙare."

"To yanzu yaya za mu yi?"

"Ba yadda za mu yi. Ni dai ba zan wanke kaina da mutuncinki ba. In ya kawo kayan jibi zan karɓa da hannu biyu."

"Shi ke nan? Ka haƙura da ni ke nan?"

Ya ɗago ya dube ta, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Haƙura? Tun Litinin ban ci abin kirki ba. Jiya na hau babur zan je Kiyawa aiki, sai ganina na yi a hanyar Aujara. Kada ki ce na haƙura. Amma tsakanin uba da 'ya ba ni da wurin tsayawa."

"In na faɗa masa ba zai ƙara kallona ba."

"Wataƙila."

"In ban faɗa ba kuma..."

"Ban ce ki faɗa ba. Ban ce kada ki faɗa ba." Ya miƙe ya sa hularsa. "Ko me kika zaɓa, ba zan taɓa tayar da maganar nan ba har in koma ga Allah."

"Sallamar ta isa haka!" Gwaggo ta ɗaga murya daga ciki. "Ko sai 'yan hisba sun zo sun taya ku?"

Babur ya tashi. Murja tana durƙushe tana jin ƙararsa har ta ɓace.

*

Ran Alhamis ta ƙona ɗumame, ta zuba gishiri sau biyu a miya. Da azahar ta kusa ta ɗauki kwanon abincin Baba da butar fura ta nufi fadama. Sau biyu tana tsayawa a hanya kamar za ta juya.

Rana ta take. Tun daga nesa ta hango motar Falalu a gindin mangwaro, an ɗaure kwanduna a bayanta, na gonakin wasu. Shi kuwa yana tsaye a kan kunya da farar shadda, ya tattare ƙafar wando kada ta ɓaci, yana magana yana wasa da makulli. Malam Gwadabe yana sunkuye yana tuge tumatirin tushe-tushe yana tarawa.

"Ai dabara ce, Baba," Falalu yake cewa. "Ni da nake shiga Kano na san su. Su ba ka na farko kyauta ka ji zaƙi, in ka shuka ɗansa ya mutu, dole ka dawo hannunsu. Har abada kai bawansu ne. Mu kuwa irinmu na gado, ko a kan dutse ka yar sai ya fito." Ya juyo ya gan ta, ya washe baki. "A'a, ga amarya da kanta. Sannu da rana. Irin wannan tafiya a ƙasa ai ta kusa ƙarewa, ga mota."

"Ina wuni," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Baba, ni zan wuce, kada kaya su nuna a hanya. Gobe in za ka Dutse ka bari in kai ka, kada ka sha wahalar tasha da akwati."

Motar ta tafi. Murja ta ajiye kwanon a inuwa. Ba ta juya gida ba kamar yadda ta saba.

"Ajiye ki tafi," in ji Malam Gwadabe, bai ɗago ba.

"Baba."

"Na ce ki tafi. In roƙo kika zo yi mini a kan yaron nan, na gama magana."

Ta zo bakin fangalin ta durƙusa a cikin taɓo. Ruɓaɓɓun 'ya'yan suka fashe a ƙarƙashin gwiwarta.

"Baba, ya faɗa."

Hannunsa ya tsaya a jikin tushen.

"Ranar da ya kawo irin ya faɗa mini. Ya ce a ci, kada a ajiye irinsa, in aka shuka ba zai yi ba. Ya ce in saurara da kyau. Na ji, ban manta ba. Ranar da ka sauko da ƙullin ina tsaye a bayanka, na sani."

Malam Gwadabe ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ya dube ta kamar bai santa ba.

"Sake faɗa."

Ta sake faɗa, tana kuka tana haɗiye kalmomi. Ta faɗi ranar reno, ta faɗi ranar dashe, ta faɗi yadda ta yi ta cewa gobe.

"Shi ya turo ki ki ɗauki laifinsa?"

"Wallahi tallahi bai turo ni ba. Ya ce ma zai karɓi kayan, ba zai taɓa faɗa ba."

Tsohon ya yar da tushen da ke hannunsa. Ya taka zuwa bakin rijiya, ya dawo, ya sake komawa. Ya cire hula ya share fuska da ita.

"Wata huɗu," ya ce. "Wata huɗu kina kawo mini abinci nan, kina zaune a gindin bishiyar can kina kallona ina jan ruwa. Kina ce mini sannu, Baba."

"Ka yafe mini."

"Na tara mutane na ci mutuncin yaron da ya ɗauki gawar uwarki a kafaɗarsa. Na ce masa maci amana. Yana da amsa a bakinsa ya haɗiye. Don me, Murja? Ni dodo ne?"

"Kai kake cewa hannun Inna da albarka. Na kasa."

Ya zauna a kan kunya daɓas.

"Uwarki fa?" ya tambaya. "Ita kin faɗa mata?"

"Na faɗa mata tun ƙulli na farko."

"Me ta ce?"

Murja ta share hanci. "Cewa ta yi, ke rabu da yaran boko. Akwai abin da Allah zai halitta da ƙwaya a cikinsa, kuma a ce kada a shuka?"

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Malam Gwadabe, ta ɗauka dariya ce. Sai ta ga kafaɗunsa suna girgiza, ya kifa fuska a cikin hular. Tun da take ba ta taɓa ganin kukan ubanta ba, ko ranar jana'iza. Ta rarrafa za ta matso, ya ɗaga mata hannu ta tsaya.

Da ya ɗago, fuskarsa ta koma yadda take.

"Tashi. Je ki ce wa gwaggonki ta mayar da akwatin nan ƙarƙashin gado."

"Baba..."

"Ban gama ba. Gobe zan je Dutse, amma hannu rabbana zan je. Zan nemi gidansa a Takur in durƙusa masa, in ce ya zo fadamar nan in wanke shi a gaban waɗanda na zage shi. Kuma zan faɗi gaskiya yadda take, har da sunanki. Ba zan rufe ƙarya da wata ƙaryar ba."

Ta sunkuyar da kai. Ta san kafin Asabar babu gidan da maganar ba za ta shiga ba a Aujara.

"Na yarda, Baba."

"Ko ba ki yarda ba. In ya ce har yanzu yana so, ba zan ƙara mako biyu ba za a ɗaura. Shi na san yanzu ko wane ne." Ya miƙe ya koma cikin fangalin, ya kama wani tushe. "Ke ce zan ɗauki lokaci kafin in sake sani."

Ta tsaya da taɓo a gwiwa, tana jiran ya ƙara ko kalma ɗaya.

"Ɗauki kwanon ki koma da shi," ya ce, ya ba ta baya. "Daga yau gwaggonki za ta riƙa kawo mini."